Hotuna Arba'in da Na-Iya Ya Rantse Suna Ciki

A duk faɗin masana'antar da ake haɗa injinan ban ruwa, tun daga bakin ƙofa har lungun da ake jibge guntayen ƙarfe, babu wanda ya taɓa jin Na-Iya ya ce bai san abu ba. Ka tambaye shi gyaran agogo, ya iya. Ka tambaye shi tuƙin jirgin sama, ya iya, lokaci ne kawai bai samu ba. Da haka sunan ya manne masa, har na gaskiyar ya ɓace a bakin mutane.

Shekara shida yana riƙe wa mai walda bututu, yana shan tartsatsin wuta. Mai masana'antar kuwa yayan matarsa ne. Matar ta yi ta naci, yau kuka gobe fushi, har Yaya ya gaji ya kira shi ofis, ya nuna masa wata kujera mai juyawa da ke daidai ƙarƙashin fanka.

“Ka ga wannan? Ranar Alhamis shugabar ƙungiyar manoma za ta zo da mutanenta su ga littafin jagorar sabon injinmu. Injiniya ya gama rubuta shi a kwamfuta kafin ya yi tafiya. Aikinka ka kai a buga, sannan ka haska shi a bango ka yi bayani. Idan ya tafi daidai, kujerar taka ce. Idan ka kwafsa, bututunka na nan yana jiranka.”

“Yaya, ai wannan ba aiki ba ne, hutu ne,” in ji Na-Iya. Ya faɗa kan kujerar ya juya sau uku, har jiri ya ɗebe shi ya dafe teburin Sakatariya.

Sakatariya dattijuwa ce mai tabarau, ta fi shekara ashirin a kan wannan tebur. Ta janye kofin shayinta daga kusa da hannunsa.

“Kafin ka kai ko'ina, ka duba hotunan littafin nan,” ta ce. “Guda arba'in ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wasu an cusa su cikin fayil ɗin, duk inda ka kai shi suna tare da shi. Wasu kuwa jingina su aka yi, suna zaune a wata jaka daban mai suna hotuna, adireshinsu kawai littafin ya riƙe. In ka buɗe shi sai ya leƙa jakar ya ɗauko. Akwai wurin da za ka danna ya jero maka duk na jingina. Matso in nuna maka.”

“Anti, Anti,” Na-Iya ya ɗaga hannu yana murmushin tausayi. “Ni za a nuna wa? Lokacin da nake wasa da kwamfuta, ke da keken rubutu kike fama. Ina da hanyata ta gano su, ba sai an danna komai ba.”

“To, Allah ya ba da sa'a. Wace hanya?”

Ya miƙe ya naɗe hannun riga. Ya ce ai a bayyane yake, hoton da ba ya cikin littafi daga waje yake zuwa, kuma duk abin da ya zo daga waje ta waya yake shigowa. Ya rarrafa ƙarƙashin tebur, ya kama wayar intanet ɗin ofis gaba ɗaya, ya fizge. Daga ɗakin ciki aka ji Yaya yana ihu, “Halo? Halo? Wa ya kashe ni ina tsakar magana da mai kawo ƙarfe?”

Na-Iya ya fito da yana a kai, ya buɗe littafin, ya bi shafi bayan shafi. Ga injin, ga tanki, ga bututu, hotuna arba'in ras.

“Kin gani? Na toshe ƙofa, babu wanda ya fita. Duk suna ciki.”

“Ai jakar ba a waje take ba, a cikin kwamfutar nan take. Ko ka cire duk wayoyin duniya zai same ta.”

“Anti, sha shayinki.”

Don ya nuna mata iyakarta, ya nemo jakar hotunan, ya ce tunda kowane hoto ya riga ya shiga littafi, wannan tarkace ne kawai ke cika wa kwamfuta ciki. Ya danna, ya goge. Sakatariya ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da shan shayinta.

Ranar Talata ya kwafe fayil ɗin shi kaɗai a filashi, ya rataya a wuya kamar lambar yabo, ya nufi shagon mai buga littattafai. A hanya duk wanda ya gaishe shi sai ya ɗaga filashin ya ce, “Ina sauri, aikin ofis.”

Mai bugu ya soka filashin ya buɗe. Bango lafiya. Hoto na ɗaya zuwa na biyar lafiya. Daga na shida sai akwati fari fat, da ɗan jan kuros a kusurwa. Na bakwai haka. Na takwas haka. Har na arba'in.

“Malam, ina jakar hotunan? Biyar ne kawai a ciki, talatin da biyar na jingina ne.”

“Suna ciki. Kwamfutarka ce ba ta da ƙarfin ganinsu.”

“Ba ta da me?”

“Ƙarfi. Tsohuwa ce. Goge gilashin.”

Mai bugu mutum ne mai haƙuri, ya ɗauki tsumma ya goge gilashin tas, ya juyo masa da shi. Masu jiran a buga musu takardu suka matso suna leƙe.

“Na goge. Sun fito?”

“Girgiza ta.”

“In girgiza uban me? Malam, hoton da ba ka kawo ba, ko rawa kwamfutar nan ta yi ba zai zo ba.”

Wata mata mai jiran layi ta ce, “A buga masa hakanan mana, manoman su zana da kansu.” Shago ya ɗauki dariya. Na-Iya ya zare filashinsa, ya sanar da duk wanda ke wurin cewa daga yau masana'antarsu ta daina hulɗa da wannan shago, ya fita ya bugi ƙofar gilashi da goshi, domin ja ake yi shi kuma ya tura.

Da ya koma ofis ya buɗe littafin a kwamfutarsa don ya kwantar wa kansa da hankali. Akwatuna farare talatin da biyar suka zuba masa ido. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya kashe ya kunna. Ya rarrafa ya fizge wayar intanet ko za su ji tsoro su dawo, Yaya ya sake ihu daga ciki, ya mayar da sauri.

“Lafiya dai?” in ji Sakatariya, ba ta ko ɗago kai ba. “In akwai abin da ya ɓace, ka yi magana.”

“Me zai ɓace? Ina gwada ingancin layi ne.”

Yaya ya leƙo. “Ina littattafan da aka bugo?”

“Yaya, na yi tunani. Zamani ya wuce takarda. Manyan kamfanoni haskawa kawai suke yi. In muka raba takarda sai a ɗauka ƙananan mutane ne mu.”

Yaya ya nuna shi da yatsa. “Alhamis dai,” ya ce, ya koma.

Ranar Laraba da safe Na-Iya ya yanke shawarar sake ɗaukar hotunan da kansa. Hoto ne fa, me ya fi shi sauƙi? Matsalar ɗaya ce, hotunan na cikin injin ne tun yana warwatse, yanzu kuwa an haɗa shi, an fente shi, an jona masa tiyo a tsakar fili ana jiran baƙi. Ya samu mai walda yana gyara tabaraunsa na aiki.

“Ubangidana na da, ɗan ba ni sifana mai lamba goma sha bakwai.”

“Manyan ofis! Me ya fito da ku rana? Fanka ta lalace?”

“Binciken inganci nake yi. Zan buɗe murfin nan in leƙa.”

“Kar ka buɗe. Akwai ruwa a ciki, mun gwada shi ɗazu.”

“Ni za ka gaya wa injin nan? Da hannuna aka riƙe kowane bututunsa.”

Ya kwance noti na farko, ya kwance na biyu, ya saita wayarsa daidai bakin murfin don hoton ya fito da kyau. Noti na uku bai jira shi ba. Ruwa ya fito da ƙarfinsa ya same shi a fuska, ya tafi da hular, ya tafi da wayar, shi kuma ya zauna daɓas a cikin kwatar da ake wanke hannu. Ma'aikata suka ajiye guduma suka zo kallo.

“Ya ingancin yake?” in ji mai walda.

Na-Iya ya tofar da ruwa. “Matsin ya yi. Ku rubuta na amince.”

Wayar dai ba ta sake kunnuwa ba.

Da yamma ya isa gida takalmi na ƙugi. Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya, ta dube shi sama da ƙasa.

“Baban yara, a ofis ɗin ne ake ruwa?”

“Ba ni aron kwamfutarki. Akwai ɗan abin da zan duba.”

Ta ba shi. Ya kwafe fayil ɗin ya ajiye a fuskar kwamfutar, kusa da wata jaka da bai ko kula da ita ba. Jakar nan sunanta hotuna. Watan da ya wuce dangi sun taru a gidan Yaya, matar ta ari kyamarar masana'anta, wadda da ita aka ɗauki hotunan injin, ta yi ta ɗaukar mutane ba su sani ba. Kyamarar kuwa, duk lokacin da aka share katinta, daga ɗaya take sake ƙirga. Saboda haka littafin ya leƙa gefensa, ya ga jaka mai sunan da yake nema, ya ga na shida, ya ga na bakwai, har na arba'in. Shi littafi ba ruwansa da abin da ke cikin hoto. Suna ya dace, ya ɗauko.

Na-Iya tsoro ya hana shi buɗe shafi da girma. Ya ƙanƙance su duka, shafuka suka jeru ƙanana kamar kan sarki, ya leƙa da ido ɗaya. Babu fari. Babu jan kuros. Kowane akwati ya cika da launi.

Ya yi tsalle har ya bugi ƙwan lantarki.

“Sun dawo! Na faɗa suna ciki! Na faɗa wa Anti, na faɗa wa wancan mai tsohuwar kwamfutar! Kwamfuta mai hankali kawai suke jira!”

Matar ta leƙo ta kafaɗarsa. “Tsaya, wancan mai shuɗin kamar na san shi. Ƙara girmansa in gani.”

“Ina za ki san shi? Tankin mai ne.”

“Tanki da hula?”

“Murfi ne. Don Allah ki bar wa masana aikinsu.” Ya rufe kwamfutar ya rungume. “Gobe da ita zan tafi. Ki goge mini farar rigata, babbar.”

Ranar Alhamis aka share ɗakin taro, aka jera kujeru, aka saita na'urar haskawa tana kallon farin bango. Shugabar manoma ta zo da mutum goma sha biyu. Mace ce mai jiki, mai yawan fara'a, ta zauna a gaba kusa da Yaya. Ma'aikata suka cika tagogi. Sakatariya ta zauna can baya, da wani kwali a gefen ƙafarta.

Na-Iya ya fito cikin farar riga, da eriyar tsohuwar rediyo a hannu a matsayin sandar nuni. Ya juya wa bango baya, domin ya taɓa jin cewa ƙwararren mai bayani jama'a yake kallo. Rubutun ƙasan hotunan kuwa ya kwafe su a takarda.

“Ranki ya daɗe, manyan baƙi, abin da za ku gani yau ba a taɓa nuna irinsa ba.”

Hoto na ɗaya, injin ta gaba. Na biyu, ta gefe. Har na biyar manoma suna gyaɗa kai, Yaya ma ya fara sakin fuska. Na-Iya ya danna, ya karanta da murya mai kauri.

“Hoto na shida. Yadda injin yake kafin a tayar da shi.”

Ɗakin ya yi tsit. A bango, ga Yaya cikin shuɗiyar riga, ya baje a kujera yana barci, baki buɗe, hula ta zamo kan hanci, tumbi ya yi gaba.

Na-Iya ya ɗauka shirun na sha'awa ne. Ya kai eriya baya ba tare da ya waiwaya ba, ya buga daidai kan tumbin.

“Ku lura da girman wannan wuri. A nan duk ƙarfin yake taruwa. Yana da nauyin tashi da safe, amma in ya tashi unguwa duka sai ta ji.”

Wani tsoho cikin manoma ya toshe baki da hula. Shugaba ta fara rawar kafaɗa.

“Hoto na bakwai. A tabbata an cika tanki kafin a fara aiki.”

Sai ga Na-Iya da kansa, kumatu kamar za su fashe, faranti a hannun dama, wani a hagu, na uku a kan cinya. Daga taga mai walda ya ce, “Wannan tankin ba ya cika!” Tagogi suka fashe da dariya.

Na-Iya ya yi musu wani kallo. “A yi mana shiru a waje. Hoto na takwas. Inda aka fi samun yoyo.”

Yaya ne kuma, a tsaye, ya ɗaga jaririn ƙanwarsa nesa da jiki, gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf.

“Kai!” Yaya ya miƙe. “Juya ka ga abin da kake nunawa!”

Na-Iya ya juya. Ya dubi bango, ya dubi takardarsa, ya sake duban bango. Eriyar ta lanƙwashe a hannunsa. Amma bakin bai mutu ba.

“Ranki ya daɗe, wannan sabon salon koyarwa ne. Ana kwatanta inji da ɗan Adam don manomi ya fi ganewa.”

“Wallahi mun gane,” in ji Shugaba tana share hawaye. “Ci gaba, ɗana, kar ka tsaya.”

“Kashe shi!” in ji Yaya.

Na-Iya ya danna don ya kashe, sai abin ya wuce gaba. Hoto na tara ya cika bango: mahaifiyar Yaya, surukar Na-Iya, ta ɗaga yatsa, baki a wangale tana tsakar yi wa wani faɗa. A ƙasa da manyan baƙaƙe an rubuta, IDAN AKA JI WANNAN ƘARAR, A KASHE NAN TAKE A KIRA MAKANIKE.

Ya yi wuf ya tsaya gaban hasken ya buɗe hannuwa don ya tare. Farar rigar nan babba, wadda aka goge ba ko lanƙwasa, ta karɓi hoton tsaf. Fuskar surukarsa ta zauna a kan cikinsa, yatsan yana nuna haɓarsa. Ya matsa dama, ta koma bango. Ya dawo, ta dawo kansa. Tsohon nan mai hula ya sulale daga kujera yana riƙe da ciki, biyu suka kama shi, su ma dariya ta kayar da su.

Sakatariya ce ta taso a hankali ta zare wayar na'urar. Ta ɗauko kwalinta ta ajiye a kan tebur, ta buɗe. Littattafai ne bugaggu, sababbi, kowane shafi da hoton inji.

“Daga ina?” in ji Yaya.

“Jakar da ya goge tana cikin kwandon sharar kwamfuta. Ranar Talata da ya fita na dawo da ita wani wuri, na jero na jingina talatin da biyar, na cusa su ciki ɗaya bayan ɗaya, na kai wa mai bugu. Har tambayar Na-Iya na yi ko wani abu ya ɓace.”

“Haɗin gwiwa ke nan,” Na-Iya ya yi saurin cewa. “Ni na tsara, Anti ta aiwatar.”

Shugaba ta buɗe littafi ta duba, ta ce injin ya yi musu, za su ɗauka. Sannan ta jawo hannun Yaya ta ce, “Amma don girman Allah a haɗa mini da hoto na shida. Zan manna a jikin injin, masu tayar da shi su riƙa lallaɓawa.”

Yaya ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. Ya raka baƙi har mota, ya dawo ya tarar da Na-Iya ya lallaɓa ofis ya zauna a kujerar, ya riƙe hannuwanta gam.

“Tashi.”

“Yaya, ai an sayi injin.”

“Tashi. Anti, daga yau ki riƙa ɗora jakarki a kai.” Ya juya zai tafi, ya tsaya. “Kuma da bakinka za ka je ka gaya wa Mama abin da aka rubuta a ƙasan hotonta, kafin ta ji a gari.”

Na-Iya ya fito fili da farar rigarsa. Mai walda ya sauke tabarau kan idonsa, ya miƙa masa bakin bututu. Na-Iya ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya dubi ma'aikatan da suka kewaye shi suna cije leɓe.

“Ku dai ku faɗi gaskiya,” ya ce. “Tunda aka kafa wurin nan, an taɓa yin taron da ko mutum ɗaya bai yi gyangyaɗi ba?”

“An yi ɗaya ya yi barci,” in ji mai walda. “Mun gan shi a bango. Riƙe da kyau.”